Ranar da Takalmin Yaya Azumi Ya Shiga Layin Zaɓe

Tun da na dawo daga Riyad ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a rumfar mai shayi ta bakin tasha sai a zagaye ni. Baba Tanko, yaya ƙasar take? Gaskiya ne jirgin ƙasansu babu direba? Gaskiya ne an gan ka da takalmin mata? Duka gaskiya ne. Sai dai na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara gishiri kafin ya kai wa na gaba, har labarin ya dawo min wai da zani aka gan ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta da hannuna. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban gama ba babbar mota ta ɗauke ni. Wanda ya ga harafi ya karkace, ya tallafe shi.

Saboda yaran yanzu, bari in fara da wadda na je wurinta. Yaya Azumi ita ce babbarmu, ni ne auta. A lokacin da mata a Arewa ba su da ƙuri'a, ita ke bin gidajen biki da na suna tana tambayar mata: ke da kike haifar mai zaɓe, me ya hana ki zaɓe? Ta kwana a hannun 'yan doka ba sau ɗaya ba, ni ke kai mata fura ina ƙaramin yaro. Da aka ba mata ƙuri'a muka ce to, alhamdulillahi, za a huta. Ashe ba a fara ba. Wata rana ta tashi ta ce shugabancin ƙasa take nema. Ni ne direbanta, ni ne mai riƙe lasifika, ni ne kuma rabin 'yan rakiya. Muka zaga garuruwa a tsohuwar a-kori-kura, wasu na tafi, wasu na dariya har da riƙe ciki. Zamanin ƙato bayan ƙato ne, wato ɗan takara ya tsaya, masu son sa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna. Layin da ya tsaya bayan Yaya, da za a loda shi a motata da sauran wurin buhu. Ta faɗi, ta kakkaɓe zaninta, ta ce mu tafi gida kafin miya ta huce. Sunan Shugaba da aka liƙa mata don ba'a shi ya bi ta, har masu ba'ar suka manta ba'a ce. Kuma tun ranar da aka ba mata ƙuri'a, zaɓe bai taɓa wuce ta ba, ko da na kansila ne.

Da ciwon ƙafa da na ƙoda suka kayar da ita, ɗanta Habibu, injiniya ne a Riyad, ya ɗauke ta ya kai ta can. Likita ya hana ta hawa jirgi. Zaɓe ya zo ya wuce a gida tana kallo a talabijin, yatsanta babu tawada. Ana nan sai ga waya: "Tanko, ka zo, ina da aiki." Ba ta ƙara ko kalma ba. Habibu ya turo tikiti da biza ta ziyara.

Daga Funtuwa zuwa Kano wani yaro ne ya ja mu, irin masu tuƙi da hannu ɗaya. Na yi masa gyara tun daga tasha har sai da ya ce, "Baba, ko ka dawo nan ka zauna?" Na ce da ka faɗa tun ɗazu da mun isa. Kayana ba su da yawa: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, sai sabon takalmi sau-ciki da na saya don kada Larabawa su raina ni. Goro an ce ba a shiga da shi, na cinye rabona a filin jirgi kamar akuya, har kaina ya yi nauyi.

A cikin jirgi na cire takalmin don ƙafa ta sha iska. Da muka sauka na zo sawa, sai na tarar ƙafar ta kumbura suntum kamar an dafa ta. Na tura, na lallasa, na yi mata magiya, ta ƙi. Haka na shiga ƙasar mutane da takalmi a hammata, ina takawa da safa.

Wurin duba fasfo wani saurayi mai kaki ya ce in ɗora yatsu a kan wani gilashi. Na ɗora, na'ura ta yi ja. Na sake, ta yi ja. Ya kama hannuna ya juya shi, ya kira abokinsa ya zo ya gani. Murza sitiyari da ɗaure tamfol sun shafe zanen yatsun tas. Ya ɗiga min wani mai, ya danna babban yatsana da ƙarfinsa yana cewa "Sabur, ya hajj," wato in yi haƙuri. Da ƙyar ta yi kore. Mai binciken kaya kuwa yana buɗe ƙullin daddawa ya maida shi ya ƙulle da sauri, ya kau da kai, ya ce "Yalla, yalla," wato in wuce maza. Ban taɓa wuce shingen hukuma da sauri haka ba.

A waje na tsaya ina neman Habibu, sai wata mai baƙar abaya ta fizge jakata. Na buɗe baki zan yi ihun ɓarawo, ta ce, "Tsoho, ina takalminka?" Nafisa ce, 'yar Habibu, jikanyar Yaya. A can aka haife ta, ma'aikaciyar jinya ce, Hausarta kuma sai ka ce an jiƙa ta da Larabci.

"Amarya," na ce, "ke aka turo? Ina direba?"

Ta kaɗa min makulli.

Na ce innalillahi. Na shiga na kama ƙofa da hannu biyu. Motoci jere-jere kamar ruwa, kowa na gudu, babu rami ko ɗaya da zai sa mutum ya tuna Allah. Ina jiran ta yi kuskure in gyara mata, har muka iso unguwarsu Shumaisi ban samu ba. Na ce hannunta da sauƙi-sauƙi. Ta ce, "Jidda ta ce kai ka taɓa jefa ta a kwata da lasifika da komai." Jidda shi ne kaka a bakinsu. Ashe an riga ni ba da labari.

Gidan bene ne, kowa da ƙofarsa a rufe. Sai ka yi mako ba ka san maƙwabcinka baƙi ne ko fari ba. Babu zaure, babu dakali, babu mai leƙowa ya ce a ba shi wuta. Yaya na same ta a keken marasa lafiya, ta rame, amma idon nan yana nan. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi ƙafata ta ce, "Haka ka ratso duniya?" Aka gwada min takalman Habibu duka, babu wanda ya shiga. Sai ta sa aka ɗauko nata, wani faffaɗan silifas na masu ciwon ƙafa, ja, da fure a sama. Ya zauna daram kamar don ni aka yi. Ta ce, "Riƙe, ni yanzu keke ke yi min tafiya."

Da aka watse ta gaya min aikin. 'Yan garinmu da ke Riyad suna da ƙungiyar zumunta, ita ke tsayawa idan wani ya rasu, ko ya kwanta asibiti, ko ya samu matsala da kafili, wato uban gidan da ya ɗauko shi aiki. Za su zaɓi sabon shugaba, kuma da ƙato bayan ƙato suke yi. Mata na ba da gudummawa, su ke dafa abincin taro, su ke jinya, amma ranar zaɓe suna bayan katanga. 'Yan takara biyu ne: wani Isiyaku direba, da Habibu.

"Wannan ne zaɓen da ya rage min, Tanko," ta ce. "Na gida ya fi ƙarfina. Ba na so in mutu ina 'yar kallo. Ka gaya wa yaron nan."

Na ce, "Yaya, ɗaki ɗaya ne tsakaninku."

Ta harare ni. Sai na tuna Habibu ɗan fari ne. Matar da ta tsaya gaban alƙali ta mayar masa da magana, ko sunan yaron nan ba ta iya faɗa, balle ta roƙe shi abu. Wato an ɗauko ni tun daga Funtuwa, an hau da ni sama, don in kai saƙo daga wannan ɗaki zuwa wancan.

Ban yi gaggawa ba, don mai ciyar da kai ba a tare shi da magana da yunwa. Na fara cin ƙasar tukuna. Da safe akwai wani faffaɗan burodi mai zafi da ake ce wa tamis, ana dangwala shi a dafaffen wake. A shagon ne na haɗu da Isiyaku, dogo mai yawan dariya, direban wani gida a unguwar Nasiriya. Ashe na san ubansa, tare muka yi lodin auduga. Ya kalli furen ƙafata ya ce, "Baba, sabon yayi ne a gida?" Na ce bai iso nan ba tukuna, ku kuna baya.

Wani Balarabe abokin aikin Habibu ya kira mu cin abinci. Aka kawo gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗan kaɗan a gindi. Na ce a raina mutanen nan da arziki amma da rowa. Na shanye na miƙa, aka zuba. Na shanye na miƙa, aka zuba. A gida idan ka miƙa kofi ai ka gama ke nan. Nan kuwa sai ka girgiza shi, in ba haka ba ƙari kake nema. Habibu na ta yi min alama da hannu, ni kuwa na ɗauka cewa yake in sha kada in ba shi kunya. Sai da zuciyata ta fara bugu kamar injin da ya sha ruwa sannan ya karɓe kofin ya girgiza min. Ana cikin haka ɗan mai gidan ya shigo ya raɗa wa ubansa magana. Mai gida ya tashi a rikice yana ba Habibu haƙuri, wai ba a gaya masa mun zo da iyali ba, a shigar da ita wajen mata. Takalmina ya gani a bakin ƙofa. Su a can, takalmin da ke ƙofa shi ke faɗin wanda ke ciki. Da na gaya wa Yaya ta yi dariya har da tari, sannan ta ƙura wa silifas ɗin ido.

Maganar na yi wa Habibu ita a jirgin ƙasan nan, ranar da ya kai ni ganin dogayen benaye na unguwar Ulaya. Na je har gaba ina neman direba in gaishe shi, na tarar da gilashi kawai da wasu yara suna leƙe. Na ce to, sana'armu ta zo ƙarshe. Da na zauna na ce, "Habibu, tsohuwa na son ta yi zaɓe."

Ya yi ajiyar zuciya. "Kawu, na sani. Amma ta yaya? Mata ba za su fito cikin maza su yi layi ba, nan ba gida ba ne. Namiji ba zai shiga wajensu ya ƙirga ba. In kuma na ce mace ta ƙirga ta faɗo mana, dattawa za su ce na shirya maguɗi da uwata. Ka bari in ci tukuna, sai in gyara."

Na ce, "Wannan maganar tun kana zanin goyo ake gaya mata ita."

Ya juya yana kallon benaye ta taga. Na kai wa Yaya amsa, ta ce, "To." Wanda ya san Yaya ya san wannan to ɗin.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a istiraha. Wani gida ne a bayan gari da ake haya don taro, da tsakar gida biyu, ta maza da ta mata, katanga a tsakani da 'yar ƙofa. Aka ci kabsa, shinkafa ce da naman rago a babban faranti, mutum biyar-shida a kai. Ni da na saba da malmala, shinkafar sai zubewa take ta tsakanin yatsuna, na ci rabi, riga ta ci rabi. Da aka wanke hannu, Malam Garba, dattijon da ya fi kowa daɗewa a ƙasar, ya ce a fito tsakar gida. Habibu ya tsaya nan, Isiyaku ya tsaya can.

Sai wayata ta yi ƙara. Yaya ce daga bayan katanga. "Buɗe murya ka ɗaga sama."

Jama'a, hannuna da kansa ya tashi. Aikin da na yi shekaru ina yi ne.

"Salamu alaikum, 'yan garinmu," in ji wayar. "Azumi ce. Shinkafar ta yi daɗi?"

Aka amsa da dariya, "Ta yi, Shugaba!"

"Waɗanda suka dafa ta suna da ra'ayi a kan wanda zai riƙe ku."

Malam Garba ya matso kusa da wayar ya rusuna, kamar tana ganin sa. "Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ba ƙi muka yi ba. Hanyar ce babu. Ba za ku fito ba, ba za mu shiga ba."

"Ba sai mun fito ba. An ce a ƙasar nan takalmi ke faɗin wanda ke ciki. Ku tambayi Tanko." Aka kwashe da dariya, don labarina ya riga ya zaga. "Kowace mace za ta turo ƙafar dama, ta riƙe ta hagu. Babu mai ƙafar dama biyu. Ku jera su a layi ku ƙirga da idonku."

Wani daga baya ya ce wannan wasa ne. Wani ya ce ba a taɓa yi ba. Na dubi Habibu, ya sunkuyar da kai yana gyaran agogo. Sai Isiyaku ya ce, "Malam, ni dai na yarda. Lokacin da na karye a ƙafa, matan nan ne suka ciyar da gidana. In takalmansu sun kayar da ni, na faɗi." Habibu ya ɗago ya ce shi ma bai ƙi ba. Malam Garba ya shafa gemu ya ce, "To, a kawo."

Nafisa ta turo kwalaye biyu ta 'yar ƙofar, ɗaya na Habibu, ɗaya na Isiyaku. Aka shiga jerawa a bayan maza: mai tsini, mai igiya, mai duwatsu, silifas ɗin wanka. Abin da Yaya ba ta faɗa ba, kowane miji ya san takalmin matarsa, tunda shi ya saya. Sai ga manyan mutane suna miƙa wuya. Habibu ya hango na matarsa a bayansa ya sauke numfashi. Wani mai suna Sale, yana layin Habibu, ya hango na tasa matar a layin Isiyaku ya ce, "Kai! Wancan ai ni na saye shi!" Aka ce masa takalmin ka saya.

Ni ina gefe ina dariya, don baƙo ba shi da ƙuri'a. Sai Nafisa ta leƙo. "Tsoho, saura na Jidda."

Na duba ƙasa. Ga shi a ƙafata, da furensa.

Na sunkuya zan cire in ba ta ta jefa a kwali, in fita daga ciki. Wayar da ke hannuna ta ce, "Kada ka cire. Ni ban taɓa aika ƙuri'ata babu mutum a ciki ba. Je ka tsaya."

"A ina, Yaya?"

"Bayan wanda ya fara cewa to."

Kowa ya ji. Na dubi Habibu, mutumin da ya saya min tikiti, nake kwana a gidansa, nake cin tamis ɗinsa, tikitin komawata kuma yana cikin wayarsa. Na ce, "Ɗana, ka gani dai. Ni ƙafar hagu ce tawa." Na ja jiki na tsaya a ƙarshen layin Isiyaku, bayan wani takalmi mai tsini. Don kada a yi kuskure a ƙirga da ni, na ɗage ƙafar hagu sama. Haka na tsaya a ƙafa ɗaya kamar shamuwa, hannu ɗaya a sama da waya, ina tangaɗi, Malam Garba kuma ya ƙi sauri. Da ya iso kaina bai dubi fuskata ba. Ya dubi furen ya ce, "Hajiya Azumi," ya ƙirga. Ta bayan katanga guɗa ta tashi.

Habibu ne ya ci. Isiyaku ya rungume shi, aka yi addu'a, mata suka aiko a maido musu da takalmansu kafin a kira magariba.

A mota Nafisa na tuƙi, Habibu a gefenta, ni da Yaya a baya. Can Habibu ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kawu, ka gaya wa Hajiya ɗan takararta ya faɗi."

Yaya ta ce, "Ka gaya masa na saba. Ban taɓa tsayawa a layin da ya ci ba."

"Ka gaya mata daga yau takalmi ya zauna. Ni zan faɗa a taro."

"Ka gaya masa Allah ya yi masa albarka."

Ni dai ban gaya wa kowa komai ba, kaina kawai nake juyawa kamar mai kallon ƙwallo. Na saci kallon Yaya, na ga tana murza babban yatsanta a hankali, fuskarta a sake.

Sai Nafisa ta ce, "Zaɓe mai zuwa kwali uku za a kawo."

Habibu ya juyo. "Na ukun na wa?"

Ta yi masa amsa da Larabci, ban ji ba, amma na ga ya cire hula ya shafa kai. Yaya ta taɓo ni da gwiwar hannu. "Tanko, lasifikar nan tana nan?"

Na ce tana nan a ƙarƙashin gado, sai dai batir.

Ranar da zan taho kumburin ya saɓe, sau-ciki ya shiga lafiya lau, bayan ya gama zagaya Riyad a cikin jaka. Na mayar wa Yaya silifas ɗinta. Ta karɓi na dama ta ɗora a cinya, ta miƙo min na hagu ta ce, "Kai ka ce wannan ce taka."

Yana nan rataye a ɗakina, kusa da lasifikar. Mai son gani ya zo, amma ya taho da batir.